Lissafin Kuɗin Cefane: Rowa Ce, Ko Riƙon Amana?

Akwai wata tambaya wadda ba kasafai ake jin ta daga bagadi ba, amma tana zaune a kowane gida: shin ya dace mai bi ya riƙa rubuta kowace naira da ta fita daga hannunsa, har ya yanka wa kansa iyakar abin da zai kashe a mako? Waɗansu 'yan'uwa suna ganin wannan hikima ce. Waɗansu kuwa suna ƙyamar abin, suna cewa mai rubuta kuɗin gishiri da na ashana marowaci ne, ko kuwa bangaskiyarsa ce ta raunana, tun da Ubangiji ya hana mu alhini a kan gobe. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, saboda haka bari mu auna maganar a tsanake.

Mu fara da halin da gidajenmu suka shiga. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. A tsakiyar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Wato cefanen Naira 1,000 ya koma na wajen Naira 1,400. A watan Yuli na wannan shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000. In aka raba wannan albashi a kan makonnin shekara, kowane mako zai sami kimanin Naira 16,000. A cikinta ne za a ci, a sha, a biya haya, a kai yaro asibiti. Ga irin wannan gida, lissafi ya zama batun ko za a ɗora tukunya a makon ƙarshe na wata.

Abin lura shi ne, manyan kashe-kashe ba su cika ɓace wa mutum ba. Kowa yana tuna ranar da ya biya haya ko ya sayi buhun masara. Ƙananan ne suke sulalewa ba sallama: katin waya, kuɗin acaba zuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa, ladan mai POS, lemon kwalba, tsire a bakin hanya. Naira 500 a rana ba ta da nauyi a aljihu, amma a mako ta zama 3,500, a shekara kuma 182,500. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa takan ƙafe. Wanda ba ya rubutawa yakan rantse cewa bai sayi kome ba, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Zuciya ce ba ta riƙe ƙananan abubuwa. Amfanin farko na littafin lissafi ke nan: yana sa mutum ya daina ruɗin kansa. Gaskiya kuwa a gida take farawa, tsakanin mutum da aljihunsa.

To, ina batun bangaskiya? Lalle an hana mu alhini, amma alhini dabam, shiri dabam. Mai alhini yana kwana yana juyi a kan abin da ba shi da iko a kai. Mai shiri yana daidaita abin da aka riga aka danƙa masa, sa'an nan ya yi barci. Yusufu a Masar ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi, da shi aka tsira a shekaru bakwai na yunwa, ba wanda ya ce masa marar bangaskiya. A jeji, an ba Isra'ilawa manna da awo, kowane mutum rabonsa na yini. Wanda ya ɓoye ƙari saboda haɗama ya tarar ta yi tsutsa, amma a rana ta shida an umarce su su tara ninki biyu domin Asabar. Ashe tanadin Allah kansa ya zo da ma'auni, da tsari na mako. Bayan an ciyar da mutum 5,000, Ubangiji ya sa a tattara ragowar, har aka san kwanduna 12 ne. Wanda yake da ikon riɓaɓɓanya gurasa bai yarda a watsar da gutsattsarinta ba, balle mu da muke saye da zufa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, gama ta shafi halinmu na zumunci. A wurinmu baƙo ba ya aiko da saƙo kafin ya zo, rasuwa ba ta duba kwanan wata, ɗan'uwa daga ƙauye yakan iso da takardar magani a hannu. Mutum zai buɗe littafi ya ce masa kason wannan mako ya ƙare? In lissafi zai kashe karamci, gara a rasa shi. Amma mu duba da kyau mu ga wane ne yakan iya taimako in ranar ta zo. Sau da yawa mai sakin hannu a farkon wata shi ne mai ba da haƙuri a ƙarshensa. Wanda ya ware wani abu domin baƙo da mabukaci, shi ne yake da abin miƙawa. Manzo Bulus ya shawarci ikkilisiyar Koranti cewa kowace ranar farko ta mako kowa ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa domin matalautan Urushalima, don kada a shiga kame-kame sa'ad da ya iso. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist a Ingila, ya ba da labarin wani ɗan jami'ar Oxford mai samun fam 30 a shekara, yana rayuwa a kan 28, yana bayar da 2. Samunsa ya ƙaru zuwa 60, zuwa 90, zuwa 120, shi kuwa bai wuce 28 ɗin nan ba, har ya kai ga bayar da 92. Da bai san iyakar bukatarsa ba, da ƙarin ya narke cikin sha'awa, matalauta ba su ga ko anini ba.

Duk da haka, masu ƙyamar lissafi sun hango wani haɗari na gaske. Yahuza Iskariyoti ne ma'ajin almajirai, shi ne kuma ya yi saurin ƙiyasta man ƙanshin da Maryamu ta zuba a ƙafafun Yesu a kan dinari 300. Lissafinsa bai kuskure ba, zuciyarsa ce ta karkace. Haka nan akwai maigidan da yakan mai da littafin cefane sandar duka: yana tuhumar uwargida a kan Naira 50 ta daddawa, alhali abin da yake kashewa a majalisa da yamma ba ya shiga kowane shafi. Wannan zalunci ne da ya ari rigar tsimi. Ma'aunin da za mu gwada kanmu da shi shi ne: domin wa nake ƙirgawa? Marowaci yana ƙirga domin ya riƙe, kuma kowace naira da ta fita tana yi masa ciwo. Wakili yana ƙirga domin ya san dukiyar ba tasa ba ce, akwai ranar da Mai ita zai tambaye shi. Littafinsu iri ɗaya ne, amma ɗaya bawan kuɗi ne, ɗayan kuwa kuɗi ne bawansa.

Me ya sa mako? Domin wata ya yi tsawo: mai albashi yakan zama sarki kwana goma, sauran kwanakin kuma ya koma wurin mai shago yana cewa a rubuta masa. Yini kuwa ya yi gajarta, gama wata rana ba a sayen kome, wata rana a sayi mai da hatsi tare. Mako ya yi daidai da cin kasuwa da zagayowar Lahadi, kuma in an yi ɓarna ana ganin ta tun tana ƙarama. Sai dai a kula: shekara tana da mako 52, wanda ya raba kowane albashi gida huɗu kuwa ya shirya wa 48 ne kaɗai, ya bar mako huɗu ba abinci.

Tsarin ba shi da wuya. Miji da mata su zauna tare, kowa ya faɗi gaskiyar abin da yake samu. A fara fitar da zakka da baiko, da rabon haya, da na makaranta. Idan kuɗin makarantar yaro Naira 26,000 ne a zango, zango uku 78,000 ke nan, wato 1,500 a kowane mako. A haka dutsen yakan zama tsakuwa. A ware na rashin lafiya, da na baƙo da gudummawa. Abin da ya rage shi ne na cefane da zirga-zirga. Kowane dare a rubuta abin da ya fita, na maigida da na uwargida, a littafi guda. Ranar Asabar da yamma a duba tare, ba da faɗa ba. Yaran da suka iya rubutu a ba su alƙalamin, domin su tashi da sanin cewa tuwo ba daga sama yake faɗowa ba. Manomi ma yana da nasa lissafi: ya ƙirga mudu nawa gidansa yake ci a mako kafin ya kai buhu kasuwa domin hidimar Kirsimeti, don kada ya sayar da arha da kaka, ya sake saye da tsada a tsakiyar damina. Anko da gasar biki kuwa a auna su da wannan ma'auni, gama kowa ya daka ta rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Ba za mu ce lissafi yana maganin talauci ba. Akwai gidajen da ko an ƙirga sau goma abin ba ya isa, kuma nauyinsu yana kan ikkilisiya da masu mulki. Amma ko a can, littafin yana nuna girman giɓin, ya ba mutum bakin neman taimako tun bashi bai shaƙe shi ba.

Ƙaunatattu, abin da ya ratsa hannunmu amana ce, ƙanƙane ne ko babba. Ubangiji ya ba gidajenmu hikimar ƙirgawa da zuciyar bayarwa, ya sa a same mu amintattu. Amin.