Wai Keke Na Maza Ne?

Yau maganar keke zan yi, kada ku yi dariya.

Duk hanyoyin da na taɓa bi babu wadda ta zauna mini a rai kamar titin nan da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Sifawa ya wuce Shagari ya nufi Tambuwal. Ina yarinya babanmu yakan goya ni a kariyar kekensa Raleigh idan za shi Boɗinga. Mu bi ta cikin gonakin gero, ga jar ƙasa ga tsakuwa, in mun iso hawa ya sauka ya tura yana haki, ni ko ina zaune kamar sarauniya, in mun kai gangara ya saki feda iska ta cika mini ɗankwali in ta ihu, shi kuma yana cewa ke riƙe da kyau.

Ranar da na ce Baba koya mini in tuƙa da kaina, tun kafin ya buɗe baki goggonmu ta tafa hannu ta ce tabɗi, ɗiya mace bisa keke? Wa zai aure ki? Shi ke nan magana ta mutu. Da yayanmu ya shiga sakandare aka ba shi keken, ni aka tura ni makarantar kwana. 'Yar wan babanmu da ba ta sami ta kwana ba, wata uku ta yi tana zuwa a ƙasa cikin rana, ta gaji ta bari. Ita ce ta fi mu kai duka gidan, wallahi.

To ina tambaya, kunyar nan da muke tsoro, a jikin keken take ko a bakin mutane?

Ban ce iyayenmu ba su da hujja ba. Zani yakan shiga sarƙa, iska takan yaye mayafi, samarin bakin titi kuma ba su da ta ido. Uwa tana gudun a ce 'yarta ta zama tantiriya, kuma wannan tsoro ne na ƙauna. Amma dogon wando ƙarƙashin hijabi ya magance na farko, na samari kuwa laifinsu ne, me ya sa ita za ta biya? Abin da ya fi ɗaure mini kai, yarinyar nan da aka hana ta hawa keken gidansu, ita ce za a ba kuɗi ta hau bayan ɗan kabu-kabu, namijin da ba ta san ko sunansa ba, kuma babu mai cewa uffan. Matan Wagadugu da kekensu suke zuwa kasuwa da goyo a baya, musulmi ne da yawansu, ba a fasa aurensu ba.

Ni ba malama ba ce, fatawa sai malamai. Amma mu mutanen Sifawa bai kamata mu manta a inda muke ba. A garin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga. Shehu ne a Nurul Albab ya yi faɗa da mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji ta ba su malfa, suna jagorantar mata daga ƙauyuka a ƙasa zuwa wurinta ɗaukar karatu. Su da suka taka sayyada kwana da kwanaki saboda ilimi, da an miƙa musu keke kina jin za su ce haram?

Bara na je gida na tarar da keken jingine a zaure, tayoyin sun sace, sirdin ya tsage. 'Yar wan baban nan tawa tana da yarinya ɗiyar shekara goma sha biyu, aji shida take. Na kira mai faci ya gyara shi, na ce nata ne. Uwar ta daɗe tana shafa ƙararrawar ba ta ce komai ba, can ta ce bari in tambayi babanta.

Har yau ban ji amsa ba.