Kada ka saki totur a bakin tudu

Duk wanda ya taɓa kallon tseren motokuros, wato gudun babur a filin turɓaya mai tuddai da kwazazzabai, abin da ke fara ɗauke masa hankali shi ne tsallen. Babur mai nauyin fiye da kilo 100 ya bar ƙasa, ya yi sama da mahayinsa, ya sauko ya ci gaba da gudu. Mai kallo sai ya ɗauka baiwa ce. Ni kuwa na ce aiki ne, irin wanda kai bakanike, kai mai walda, ke mai ɗinki, kuka sani sarai: maimaita abu guda har hannu ya iya shi ba tare da shawara da kai ba.

A Ingila wasan ya samo asali, a garin Kambali, a shekarar 1924, kuma tun 1957 ake gasar duniya. Amma har gobe, babu zakaran da ya fara da babban tudu. Sabon mahayi da tudu mai shimfiɗaɗɗen sama yake farawa, wanda suke kira tebur, domin ko tsallensa ya gaza, a kan ƙasa mai faɗi zai dira. Da farko ma ba ya tashi, hawa yake yi ya gangara, ya zagayo ya sake, yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, har wata rana tayoyin biyu su rabu da ƙasa da tazarar taƙi guda. Tudu biyu masu rami a tsakani sai daga baya can. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma babu abin kunya a ciki.

Ga yadda ake tunkarar tudun. Mahayi zai miƙe a kan matakan ƙafa, ya matse babur da gwiwoyi, ya ɗaga gwiwar hannu, kansa daidai saman kan babur, idonsa a inda zai sauka. Sannan ya riƙe totur daidai wa daida tun daga gindin tudu har bakinsa. A nan ne mutane ke faɗuwa. Tsoro kan zo a daƙiƙar ƙarshe, hannu ya saki totur, sai gaban babur ya nutse, mutum ya tafi da ka. Abin da ya yi don ya tsira, shi ne ya kayar da shi. Wanda kuma ya murɗe totur ɗin gaba ɗaya don nuna bajinta, gaban babur ne zai miƙe sama ya juye da shi ta baya. Ko a iska akwai gyara: a kama kuloci a taɓa birkin baya, gaba ya sauko, a ƙara wuta, gaba ya ɗago. Sai dai gyara ne kawai. Tsallen tun a ƙasa aka gama shi.

Wannan nake so ka riƙe, ɗan'uwa. Ka yi shekaru a ƙarƙashin maigida, ka iya aikin, ka tara ɗan jari, ka kama shago, sai ranar buɗewa gabanka ya faɗi ka ce bari dai a jira baɗi. Ke ma kin karɓi ɗinkin biki mai yawa, kin yanka yadi, sai zuciya ta fara raya miki ba za ki iya ba. Lokacin shawara ya wuce, an yi ta tun kuna ƙasa. Wanda ya shirya ya kai bakin tudu, ja da baya ya fi ci gaba hatsari a gare shi.

Kuma faɗuwa ba ta rufe littafin kowa. A 1995, a filin Budds Creek na Amurka, Doug Henry ya zame ta bayan baburinsa totur a buɗe, ya faɗo daga sama mai nisa, ya karye a baya. Ya yi jinya, ya koma fili. A 1998 ya lashe gasar ƙasa ta Amurka a kan Yamaha YZ400F mai injin bugu huɗu, a zamanin da kusan kowa ke hawan mai bugu biyu. Tsakanin karayar da kofin, shekara uku ce ta ciwo da atisaye.

Kada wani matashi ya karanta wannan ya je ya gwada a titi da baburin haya. Na motokuros an ƙera shi ne don dira, shokazobarsa na lotsawa wajen santimita 30, mahayinsa na sanye da hular kwano da dogon takalmi da sulken ƙirji, a filin da aka tanada. Shirin nan ma cikin jarumtar yake.

Ka duba tudun da ke gabanka a sana'arka, ka zaɓi wanda ya yi daidai da ƙarfinka na yau, ka yi bisimilla ka hau. Allah Ya ba da sa'a.