Kainuwa Da Ruwan Mara

Cikin Fitowa sura 15 mun ga Isra'ilawa sun yi tafiyar kwana uku cikin jeji babu ruwa. Sa'anda suka iso Mara, ruwan ya ƙi shawuwa domin ɗaci. Musa ya yi kuka ga Ubangiji, shi kuwa ya nuna masa wani itace. Da ya jefa shi ciki, ruwan ya yi daɗi.

Ruwan Mara ya fi na zamaninmu gaskiya, gama ɗacinsa ya gargaɗi harshe. A 2010, a ƙauyukan Zamfara, yara wajen 400 suka mutu ta wurin dalma wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. A Kano kuma, ruwan majemu na Bompai da Challawa ya kwarara cikin rafuffuka ɗauke da kuromiyam, ƙarfen da ake jeme fata da shi, masu lambu suna ban ruwa daga can. Irin wannan dafi, ko an tafasa ruwan, ba ya fita.

Amma Mahalicci bai bar kududdufi babu mai hidima ba. Kakanninmu suka ce kainuwa dashen Allah. Ashe sun faɗi abin da ya fi saninsu. Saiwoyinta suna reto cikin ruwa kamar gemu, suna kama dalma da sauran ƙarafa masu dafi, suna riƙe su. Kachalla ma, wadda manoman Hadeja da Nguru suke kuka da ita domin ta toshe hanyoyin ruwa, tana yin wannan aiki. Abin al'ajabin Mara ya faru nan take. Wannan kuwa sai da kwanaki, da haƙuri.

Sai mu lura da kyau, 'yan'uwa. Ciyawar ba ta hallaka dafin, ɗauka kaɗai take yi. Idan an bar ta ta ruɓe a wurin, dukan abin da ta sha zai koma cikin ruwa. Ku tuna da bunsuru na Ranar Kafara cikin Firistoci sura 16. Bayan Haruna ya ɗibiya laifofin jama'a bisa kansa, ba a ɗaure shi a tsakar zango ba. An sa mutum ya kai shi jeji. Haka kuma Ubangijinmu Yesu ya sha wuya a bayan ƙofar birni. Mu fa, sau nawa mukan furta zunubi ran Lahadi, kāna mu ajiye shi a bayan ɗaki!

Domin wannan, inda akwai irin wannan ruwa kusa da ku, bari dattawan ekklesiya su faɗakar da jama'a. Kainuwa ko kachallar da aka kwashe daga ciki, kada a ba dabbobi, kada a zuba a gona domin taki, kada mata su yi tokar miya da ita. A shanya ta inda yara ba sa wasa, a nemi ma'aikatan lafiya su nuna wurin binnewa nesa da rijiya. Ruwan kuma, ko ya yi garau, kada a sha sai an auna shi.