Sauro, kaji da iyakar kalmar ƙaddara

Duk damina, da zarar kwatocin unguwannin Gwange da Bulabulin sun cika kogin Ngadda ya kawo, sai ƙuraje su feso wa kajin gida a zanko da gefen ido, su bushe su yi baƙin ɓawo. In suka shiga maƙogwaro, ɗan tsako ya kasa haɗiya da numfashi ya mutu. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa sauro na cikin manyan masu yaɗa wannan cuta. Ƙwayar ba ta hayayyafa a jikinsa, a tsinin bakinsa take maƙalewa, ya ciji kaza mai ciwo ya koma kan lafiyayya. Amma amsar da aka fi ji a bakin akurki ita ce: "Haka Allah Ya ƙaddara." Maganar gaskiya ce. Inda nake ja shi ne a mai da ita wurin fakewa.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, domin akwai hadisi ingantacce da ya kore yaɗuwar cuta. Sai dai akwai wani, shi ma ingantacce, da ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Malamai da dama sun haɗa biyun da cewa abin da aka kore shi ne imanin jahiliyya na cewa cuta tana tafiya da ikon kanta, sababi kuwa yana nan daram. Haka Sayyidina Umar ya fahimta lokacin annobar Amwas, da ya juya daga hanyar Sham, ya nuna wa Abu Ubaida cewa komawar ma ƙaddara ce. Sauron da Suratul Baƙara ta buga misali da shi sababi ne, kamar yadda allurar rigakafin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa, wadda ake sokawa a fatar fiffike, sababi ce.

Ƙorafin da ya fi nauyi na talaka ne. Matar da ke da kaji biyar, wataƙila ma ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumbar 2024 ta cinye mata kaya, ina za ta kai kwalbar rigakafin da aka yi don garke guda? Gaskiyarta. To amma sauro bai san katanga ba. Sauron da ya tashi daga tsohuwar tayar da ruwa ya kwanta a ciki a gidan wani, kajin maƙwabciya zai ciza da magariba. Ke nan riƙo da sababi a nan haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma wanda ya bar kwatarsa a toshe ba shi da bakin yi wa matar wa'azin haƙuri. Gidaje goma za su iya haɗa kuɗin kwalba ɗaya a yi wa kajinsu rana guda, tunda in an buɗe ta ba ta kwana, mai sabuwar kaza daga Kasuwar Gamboru kuma ya ware ta mako biyu kafin ya sake ta cikin sauran.