Abin da ya fito daga bahon wanki

Riga fara ƙal wadda ta sha bula da sitati, guga ta kwanta mata, wanda ya saka ta ake yabawa. Da wuya ka ji an tambayi wanda ya cuɗa wuyanta har dauɗar ta fita, ko wanda ya tsaya a kan dutsen guga gumi na zuba masa. A garuruwanmu mai wanki da guga galibi namiji ne, mace kuwa sai rayuwa ta yi mata tsanani take karɓar wankau a cikin gida. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, bayan an 'yanta bayi a 1865, sana'ar ta mata ce, mata baƙar fata. Duk wanda ya bi tarihin fitattun matan ƙasar a tsanake zai yi mamakin yawan waɗanda hanyarsu ta ratso ta bakin baho.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Ranar Litinin da sassafe mace za ta bi gidajen Turawa ta kwaso ƙullin kayan datti, zannuwan gado da labule da rigunan maigida da tsummokin jarirai, ta ɗora a ka ta taho gida. Ruwa sai ta jido shi bokiti-bokiti daga rijiya ko famfon bakin titi. Sabulu ita ke haɗa abinta da ruwan toka da kitse, sitati ta fitar daga dusar alkama, baho kuwa sau da yawa gangar giya ce aka raba biyu. Ta tafasa kayan a tukunyar ƙarfe, ta dirje su a kan allon wanki, ta ɗauraye, ta matse, ta shanya. Sannan a shiga guga da duwatsun ƙarfe masu nauyi, ɗaya a hannu sauran suna kan wuta suna jiran layi. Ranar Asabar ta mayar da kaya. A birnin Atlanta na jihar Jojiya, wajejen 1880, abin da ke shiga hannunta a wata bai wuce dala 4 zuwa 8 ba, in ma uwargida ba ta ce safa ɗaya ta ɓata ta zaftare wani abu ba.

To me ya sa mata da yawa suka gwammace wannan wahala? Saboda abin da ke gabansu in ba wanki ba shi ne aikatau. Mai aikatau wuni take a gidan Bature, wani lokaci har kwana, a kira ta da dare a kira ta da rana, idon uwargida na kanta, ga fargabar maigida da 'ya'yansa maza. Ga macen da jiya-jiya ta fito daga bauta, wannan zama bai yi nisa da wanda ta baro ba. Mai wanki kuwa a tsakar gidanta take aiki. 'Ya'yanta na wasa a gabanta. Ita ke yanke lokacin da za ta hura wuta da lokacin da za ta ɗan miƙe baya. Gidan da aka wulaƙanta ta, mako mai zuwa ba za ta koma ba. Kuma a bakin famfo da wurin shanya tana haɗuwa da 'yan uwanta, a yi hira, a ji wa ya biya, wa ya yi cuta, wa ke kwance ba lafiya.

A nan nake ganin abin lura yake. Mu in za mu auna sana'a, tambayarmu ta farko ita ce yadda mutane za su kalle mu a cikinta. Waɗannan mata wata tambaya suka sa a gaba: lokacina a hannun wa yake, kuma ɗan abin da na samu aljihun wa zai shiga? Sun ɗauki aikin da ya fi cin jiki domin shi ne ya bar musu iko da kansu, komai ƙanƙantarsa. Duk abin da zan ambata a ƙasa daga wannan ɗan iko ya tsiro.

Tun a 1866 masu wankin birnin Jackson na jihar Mississippi suka haɗa baki suka aika wa magajin gari takarda da farashi ɗaya da suka yanke wa aikinsu. Amma abin da ya girgiza gari a Atlanta ya faru, cikin Yulin 1881. Mata 20 suka zauna a wani coci suka kafa ƙungiyar masu wanki, suka ce daga yanzu dala ɗaya ce kuɗin wanke kaya mai nauyin laba 12, in ba haka ba babu mai taɓa ruwa. Ba su da ofis, ba su da jarida. Ƙafa suka sa, gida-gida, lungu-lungu, hanyoyin da dama sun san su saboda kai kaya da ɗauko kaya. Cikin mako uku masu yajin aiki suka kai 3,000, har da 'yan tsirarun fararen fata da ke sana'ar. Kayan datti ya taru a gidajen manya a tsakiyar zafi, ga shi birnin na shirin karɓar baƙi a babban baje-kolin auduga da za a buɗe a watan Oktoba.

Hukuma ta kama wasu ta ci su tara. Masu gidajen haya suka yi barazanar ƙara kuɗi. Sai aka kawo shawara a majalisar birni cewa kowace 'yar ƙungiya ta riƙa biyan dala 25 kuɗin lasisi a shekara, wato ladan wata da watanni, don dai a karya su. Amsar da suka bayar ita ce ta fi burge ni a duk labarin. Suka rubuta wa magajin gari, James English, cewa sun yarda za su biya, amma da sharaɗin harkar wankin garin ta koma hannunsu, su ne masu yanke farashi. Wanda ya zo da sanda sai ya tarar an riƙe ɗaya bakin. Majalisa ta yi watsi da maganar lasisin, masu dafa abinci da masu raino da ma'aikatan otal su ma suka fara neman ƙari. Waɗannan fa mata ne da ba su da ƙuri'a, akasarinsu an haife su cikin bauta, shekara 16 kacal da ƙarewarta.

A birnin Richmond na jihar Virginia, a daidai wannan zamani, akwai wata yarinya mai suna Maggie da ke kai wa mutane wankakkun kaya a kwando. Mijin mahaifiyarta ya rasu a 1876, uwar ta kama wanki don ta ciyar da gida, amma ba ta cire 'yar daga makaranta ba. Yarinyar ta shiga wata ƙungiyar taimakon juna ta baƙar fata mai suna St. Luke, irin wadda ake tara kuɗi don jinya da jana'iza, a 1899 ta zama babbar sakatariyarta lokacin da ƙungiyar ke gab da rushewa. A 1903 Maggie Lena Walker ta buɗe St. Luke Penny Savings Bank, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta kafa banki ta kuma shugabance shi a Amurka. Ta san masu ajiyarta, domin a cikinsu ta tashi: masu wanki ne da 'yan aikatau da leburori, waɗanda kuɗinsu tsaba ne. Har ƙananan asusu ake raba wa yara, in ya cika a kawo a buɗe ajiya. Zuwa 1920 bankin ya ba iyalai sama da 600 bashin sayen gida.

Sarah Breedlove ta fi su duka suna. An haife ta a 1867 a jihar Louisiana, ta zama marainiya tana shekara 7, ta yi aure tana 14, mijin ya rasu tana 20. Shekaru da dama ta yi tana wanki a birnin St. Louis a kan abin da bai wuce dala ɗaya da rabi a rana ba, kafin zubewar gashinta ta kai ta ga harkar man kitso da maganin kai. Duniya ta san ta da Madam C. J. Walker, mai masana'anta a Indianapolis, wadda dubban mata suka ci abinci da tallan kayanta. A 1912, a wani taron 'yan kasuwa baƙar fata a Chicago, da ta ga ba a da niyyar ba ta dama sai ta miƙe da kanta, ta ba da tarihinta daga gonar auduga zuwa baho zuwa kicin zuwa masana'anta, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. A shekarar da ta rasu, 1919, ta yi alkawarin dala 5,000 ga ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP don yaƙi da kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wahala nake yaba wa. Ruwan toka yana cin hannu, sunkuyo yana karya baya, kuma dubban matan da suka yi wannan aiki sun mutu ba su bar komai ba, ko sunansu ba a rubuta ba. Zalunci ne ya rufe musu sauran ƙofofi ya bar musu wannan. Su kansu ba su so 'ya'yansu su gaje su ba. Da kuɗin wanki Sarah Breedlove ta tura 'yarta kwalejin Knoxville. Da kuɗin wanki Maggie ta gama makaranta har ta yi koyarwa.

Oseola McCarty ita ce wadda ba ta samu wannan gata ba. An haife ta a 1908, ta tashi a garin Hattiesburg na jihar Mississippi a hannun mahaifiyarta da kakarta da innarta. Tana aji shida innar ta kwanta rashin lafiya, ta bar makaranta don ta yi jinya, ba ta sake komawa ba. Burinta a da ta zama ma'aikaciyar jinya. Sai ta kama wanki, ta yi ta yi har kusan shekara 75. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ta taɓa mallakar mota ba, da ƙafa take zuwa cefane ta turo kayanta a ɗan keken hannu. Ta taɓa sayen injin wanki, ta ga bai fitar da kaya yadda take so ba, ta koma wa tukunyarta da allonta a bayan gida. Abu ɗaya ne ba ta fasa ba tun tana yarinya: duk abin da ya shigo, ta cire na abinci da na coci da na wuta, saura ta kai banki. Ba ta cira. A ƙarshen 1994 amosanin gaɓɓai ya hana hannuwanta aiki, ta ajiye dutsen guga tana shekara 86.

Ma'aikatan bankin ne suka lura kuɗin tsohuwar nan ya taru, ya kai kimanin dala 250,000, suka tambaye ta yadda take so a yi da shi bayan ranta. Don lissafin ya fito fili, wani jami'in bankin ya jera sulalla 10 a kan tebur, ya rubuta sunayen waɗanda ta ambata a 'yan takardu, ya ce ta raba. Ta ɗauki ɗaya ta ajiye wa cocinta. Ta ɗauki uku ta ba 'yan uwanta uku, kowa ɗaya. Sauran shidan ta tura gaban takardar Jami'ar Kudancin Mississippi, wadda ke nan cikin garinsu, wadda ba ta taɓa zama a ajinta ba. Kuɗin ya kama dala 150,000, aka rubuta shi yadda ko ita ba za ta iya warwarewa ba, don tallafa wa ɗalibai marasa hali, musamman baƙar fata. Da aka tambaye ta dalili, abin da ta nuna shi ne ita lokacin karatu ya wuce mata, amma yaran nan bai kamata su sha irin wahalar da ta sha ba.

Labarin ya fita a Yulin 1995, ƙasa ta ɗauka. Ɗaruruwan mutane suka ƙara nasu a asusun. Shugaba Bill Clinton ya ba ta lambar yabo, Jami'ar Harvard ta ba ta digirin girmamawa a 1996. Amma nauyin kyautar ba zai fito ba sai an san wace makaranta ce ta karɓe ta. A shekarun 1950, lokacin da Oseola ke tsakiyar ƙarfinta tana wanke rigunan mutanen garin, wani tsohon soja baƙar fata ɗan yankin mai suna Clyde Kennard ya yi ta neman shiga wannan makaranta ana hana shi. Da ya ƙi haƙura, a 1960 aka ƙulla masa sharrin hannu a satar abincin kaji na dala 25, aka yanke masa shekara 7 a kurkukun Parchman. Ciwon daji ya kama shi a can, aka sake shi a 1963, ya rasu a cikin shekarar. Sai a 1965 makarantar ta ɗauki ɗalibai baƙar fata na farko, mata biyu, kuma sai a 2006 kotu ta wanke Kennard daga laifin.

Duk wannan a garinta ya faru. Tana da hujjar da za ta kai kuɗinta wani wuri, babu mai ganin laifinta. Ta zaɓi makarantar da ke kusa da gida, wadda yaran unguwarsu za su iya zuwa ba sai sun yi doguwar tafiya ba, ta biya musu kuɗin shiga ƙofar da aka hana Kennard. Ta ga ɗalibar farko da ta ci tallafin da idonta, suka shaƙu har yarinyar na ɗaukarta kamar kaka. A 1998 jami'ar ta ba ta digirin girmamawa, na farko da ta taɓa ba wani a tarihinta. Oseola McCarty ta rasu ranar 26 ga Satumba, 1999, tana da shekara 91, kuma har yau jami'ar na ba ɗalibai tallafin da ke ɗauke da sunanta.