Mage Marar Gashi: Haƙƙinta Yana Wuyan Wa?

Tun da hotunan wata mage marar gashi suka fara yawo a wayoyin yaranmu, muhawara ta tashi a majalisun unguwa. Wasu na cewa wannan ai aljana ce, wasu na cewa almubazzaranci ne mutum ya sayi dabbar da sai an yi mata wanka kamar jaririya, alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba. Mu dai muna ganin maganar ta wuce abin dariya, domin a cikinta akwai tambayar da ta shafi kowane magidanci: in ka ajiye mai rai a gidanka, me yake binka?

Bari mu fara da sanin ita wace ce. Turawa suna kiranta Sphynx. Asalinta daga birnin Toronto na ƙasar Kanada ne, inda wata mage ta haifi ɗa marar gashi a 1966, masu kiwo suka yi ta haɗa irin har ya zama jinsi. Ke nan mutum ne ya raya wannan siffa don sha'awarsa. Gashi kuwa shi ne rigar mage. Shi ke tare mata sanyi da rana, shi ke shanye maiƙon da fatarta ke fitarwa. In babu shi, maiƙon sai ya taru ya zama dauɗa, dole a riƙa yi mata wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi kamar sau ɗaya a mako, a goge mata kunnuwa da tsakanin farata. Tana cin abinci fiye da magen gida, saboda jikinta yana saurin zubar da ɗumi. To ku auna da yanayinmu na Kontagora: ɗarin Disamba da Janairu zai sa ta karkarwa in ba a lulluɓe ta ba, ranar Maris da Afrilu kuma ta ƙona mata fata in aka bar ta a tsakar gida.

Saboda haka wanda ya kawo ta gida ya ɗauki alkawari ko bai furta ba. An tuɓe mata rigar da Allah ya ba 'yan uwanta, shi ne zai zame mata riga. Magen unguwa in ka ƙyale ta, za ta haura katanga ta nemi ɓera. Wannan kuwa ba ta da inda za ta. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda mage: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Laifin matar nan a tsarewar yake. Duk wanda ya hana dabba dogaro da kanta, ciyarwa da kulawa sun hau kansa.

Masu maganar almubazzaranci fa? Suna da gaskiya a wuri guda. Wanda bai sauke haƙƙin iyalinsa da na maƙwabci ba, ba shi da dalilin ɗauko wa kansa wani nauyi don a gan shi a Facebook. Shawararmu ga irinsa ita ce kada ya saya tun farko. Amma in an riga an kawo ta, yunwar maƙwabci ba ta zama hujjar barin ta cikin ƙazanta. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafar mu. Mafi yawanmu ba za mu taɓa sayen Sphynx ba, amma mage marar gashi muna da ita a lungunanmu: wadda ƙazuwa ko makero suka cinye wa gashi, tana yawo da ɓawon ƙuraje a kunne da wuya. Sau da yawa magen gidanmu ce, wadda ta shekara tana tsare mana buhunan masara da dawa daga ɓeraye. Ranar da ta yi muni sai yara su bi ta da jifa, manya su ce mayya ce, a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Ashe amfaninta muke so, da ya ƙare muka manta da ita.

Alhali ciwon yana da magani. Ƙazuwa wasu ƙananan ƙwari ne ke haƙa fata, likitan dabbobi yana da allura da maganin shafawa. Makero yana iya kama mutum, musamman yara, don haka a ware ta a wuri guda, a riƙa wanke hannu, a wanke tsumman da take kwanciya a kai. Don Allah kada a shafa mata baƙin mai ko fiya-fiya, domin mage tana lasar jikinta, guba za ta sha. Kada kuma a ba ta paracetamol, yana kashe mage ko da kaɗan ne.

Mu 'yan wannan unguwa ya kamata mu fi kowa gane wannan. Iyayenmu sun zo garin Nagwamatse daga Sakkwato, Katsina, Kano da Zazzau, wasu ba su da komai sai kayan jikinsu, aka ba su masauki ba a tambayi abin da za su biya ba. Wanda aka rufa wa asiri yana baƙo, bai dace ya kori marar ƙarfi daga zaurensa don ya yi muni ba.

Ma'aunin ɗaya ne ga wadda aka sayo da kuɗi masu yawa da wadda aka haifa a bayan rumbu. Kafin ka ajiye, duba ko za ka iya. In ka ajiye, ka riƙe har ranar da ba ta da kyan gani. Allah ya ba mu ikon sauke amanar da ke cikin gidajenmu, amin.