Tukunyar da ta fito daga gona, ta wa ce?

Ga tambayar da nake so mu tauna tare, ƴan uwana ɗalibai. Manomi yana huɗa, garma ta bugi wata tsohuwar tukunya da ba a san wanda ya bizne ta ba. Dillali ya ji labari, ya zo ya taya jika ashirin. Rumbu ya yi ƙasa, kaka da saura. Ya sayar ko kar ya sayar? Ni ra'ayina kar ya sayar, amma ba zan ce maganar mai sauƙi ce ba.

Abin ya faru a ƙasarmu. A 1975 aka gano makabartar Bura a yankin Tera. A 1983 Boube Gado, ɗan Nijar mai binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a cibiyar IRSH ta Yamai, ya tona wurin a tsanake. Ya samu ɗaruruwan tukwanen bizne mamata, da kawunan mutane na yumɓu, da mahayin dokin nan da ya yi suna. Bayan an nuna kayan a Faransa a 1993, sai farashinsu ya tashi a kasuwannin Turai, mutane suka afka wa kufai da diga da shebur. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta zo, amma ɓarna ta riga ta yi nisa.

To me aka yi asara? Wani zai ce ai tukwanen suna nan, sun canja gida ne kawai. Amma ita tukunya, rabin maganarta yana cikin wurin da take kwance: zurfinta, abin da ke gefenta, gawayin da za a auna a san shekarunsa. In ka fizge ta daga nan, ta zama kayan ado a falon wani attajiri, bebiya. Dillali ya biya kuɗin yumɓu, labarin da ya lalata kuwa babu mai iya biyansa.

Faransawa da kansu sun san wannan. Golawan da suke kira kakanninsu ba su bar tarihinsu a rubuce ba. Wanda ya ba da labarinsu shi ne Yuliyus Kaisar, wanda ya ci su da yaƙi a Aleziya shekara 52 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai da irin su Joseph Déchelette suka duƙufa. Daga 1897 zuwa 1907 yana tona kufan birnin Bibrakt, aikin da ya gada daga kawunsa Bulliot. Ya lura kayan da ke fitowa a can sun yi kama da na wani kufai mai nisa a ƙasar Cek ta yau, daga nan aka gane Golawa masu birane ne, da maƙera, da fatauci mai dogon zango. Ya rasu a fagen yaƙi a 1914. Ashe tsingaro na iya gyara maganar da mai nasara ya rubuta a kan wanda ya kayar. Mu da aka daɗe ana rubuta tarihinmu daga waje, wa ya fi mu bukatar irin wannan shaida?

Kuma shaidar tana kusa da mu. A nan jihar Damagaram akwai Kufan Kanawa, inda tsofaffi ke cewa nan mutanen Kano suka zauna kafin su yi kudu. Anne Haour, lokacin tana karatu a Oksfod, ta yi bincike a wurin, littafinta ya fito a 2003. Mu ƴan Mirriya, garin da aka sani da ginin tukwane, mu nawa ne muka taka can? Tambayar da ake wa tsingaron kufai, yadda aka gina shi, yadda aka ƙona, iyayenmu mata magina sun fi kowa iya amsa ta.

Na san hujjoji biyu da za a kawo mini. Ta farko, yunwa. Wannan ba na raina ta, kuma ba na ɗora wa manomi babban laifi. Laifin ya fi nauyi a kan mai saye da ya san abin da yake yi. Sai dai jika ashirin sati biyu ne ta ƙare, abin da ya tafi kuwa na jikokin gari duka ne. Gonar tasa ce, matattun da ke ƙarƙashinta ba nasa ba ne.

Ta biyu, wai kayan jahiliyya ne, me ruwanmu. Ni kuwa na ce kabari kabari ne. Wanda ke ciki ɗan Adam ne, wata ta haife shi, wasu sun yi kukansa. Ba sai ka bi addinin mutum kafin ka ƙi sayar da makwancinsa ba. Ko mai binciken ma, da takardar izininsa da komai, ina ganin wajibi ne ya nemi yardar mutanen wurin, ya dawo ya gaya musu abin da ya gano da harshen da suke ji.

Ana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wataƙila. Amma mu da ke lise da jami'a, mu ne za a nuna wa tukunyar in ta fito, a ce kai da ka yi lakkol, nawa za ta yi? Amsar da za mu bayar ranar, ita ce jarrabawar. A bar ta inda take, a rufe, a sanar da mai gari da ma'aikatar al'adu. Sannan wani daga cikinmu ya je ya koyi aikin Boube Gado, don in an zo tona Damagaram a samu ɗan gida riƙe da awo.